Ranar da Na Cire Hula a Agyaragu

Akwai ranar da mutum yake roƙon Allah Ya shafe masa ita daga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙi shafuwa. Tawa Asabar ce, a garin Agyaragu, a bakin ƙofar coci, kuma ko zan shekara ɗari ban ga yadda za a yi in manta da ita ba. Ina sanye da farar shadda sabuwa, da wata hula da na ɗora wa duk wani rufin asirina.

Bari in fara da laifina, tunda babu wanda ya aike ni. Ni malamin makaranta ne a nan Lafia, Kemistiri nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati (ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin). Furfura ta fara leƙo ni tun ban cika arba'in ba. Da gefen kunne ta fara, ɗaya biyu, ina tsigewa. Da ta ga ina tsigewa sai ta gayyato danginta. Ni kuwa Allah Ya ba ni suma, irin mai cikar nan da ake tajewa ta tsaya, kuma ina ji da ita fiye da yadda ya kamata magidanci mai 'ya'ya huɗu ya ji da wani abu a jikinsa. Sai na faɗa rini.

Shekara shida ina yi. Duk bayan mako biyu, ranar Lahadi da hantsi, sai in kulle banɗaki, in kwaɓa baƙin garin nan da ake sayarwa a ɗan kwali, in ɗauki tsohon buroshin haƙori in bi kaina tas daga goshi har ƙeya. Ban taɓa tsayawa na duba ina ne sabon tsiro, ina ne wanda ya riga ya sha ba. Gaba ɗaya nake shafewa kamar mai yaɓen ɗaki. Gemu kuwa kullum a aske yake ƙwal, don kada ya ba da shaida.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ina da baki. A ofishin malamai, duk ranar da aka ɗauko zancen tsufa, sai in shafa kaina in ce, "Mu gidanmu ba ma furfura. Kakana da baƙin kansa ya koma ga Allah." (Kakan nan nawa kansa fari ne fat. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.) Na maimaita maganar nan har na fara yarda da ita.

Wanda ya fi kowa shan tsiyata shi ne Mista Ayuba, malamin noma, Bamigili a ƙabila, ɗan Agyaragu. Shekararmu ɗaya da shi, rana ɗaya aka kawo mu makarantar, amma shi kansa ya yi fari tun da wuri, bai kuma taɓa damuwa ba. Na sa masa suna Baba. In ya shigo ofis sai in miƙe in ba shi kujera, in ce wa sababbin malamai su gaida mahaifina. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, yarona." Tsokana ce kawai, amma a ƙasan tsokanar akwai abin da ya fi ta nauyi. Lokacin da mahaifina ya rasu, Mista Ayuba kwana uku ya yi a ƙofar gidanmu, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma cikin malamai, ana addu'a yana ɗaga hannu tare da mu, shi ke karɓar baƙi shi ke raba ruwa. Wasu da suka zo daga nesa sun ɗauka ɗan gidan ne.

To wannan mutumin ne ya tare ni a gindin dalbejiyar makaranta wata Litinin, ya ce Rahila za ta yi aure. Rahila ita ce babbar 'yarsa, ta bi ta ajina, kuma ita kaɗai ce a shekararsu ta fahimci abin da nake faɗa.

"Malam," in ji shi, "ka san wana ya rasu bara. Ni kuma ba ni da ƙane namiji. A coci, in fasto ya ce wa ya ba da yarinyan nan, uba yana tashi da ɗan'uwansa. Kai nake so ka zauna kusa da ni, mu tashi tare."

Maganar ta shige ni sosai, har na rasa tsokanar da zan yi in rufe abin da nake ji. Na ce masa ko a kan dutse za a yi auren zan zo.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya. Duk shekarun nan da na yi a Lafia, abokaina Kirista sun gayyace ni aure ya fi a ƙirga, amma ni ɗan liyafa ne. Sai na daidaici an tashi daga coci nake bayyana, daidai lokacin da ake buɗe kular shinkafa. Cikin coci ban taɓa shiga ba. Abin da na sani game da shi bai wuce waƙar da nake jiyowa ta katanga ba.

Ana saura mako biyu biki na tsaya gaban madubi da rana tsaka, abin da na daɗe ban yi ba, domin madubin banɗakinmu yana cikin duhu kuma yana da kirki. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ƙarshen gashin ya yi wani irin baƙi mara ƙyalli, baƙin gindin tukunya. Tsakiyar kai, inda rana ke duka, ya koma ja-ja. Gefen kunne kuma rinin ya daina kamawa, kwana uku sai fari ya fito yana kallona. In na taje, matajin sai ya fito da guntaye, ga matashin kai kullum da safe kamar an yi aski a kansa. Na yi abin da na saba, na ƙara rini. Da bai yi ba na sake wani iri. Da shi ma bai yi ba, na tuna wata gwaggona tana cewa lalle yana gyara gashi, na kwaɓa lalle na ɗora a kan duka. Washegari bayan kunnena na dama ya ɗauko wani launi da ban san sunansa ba, tsakanin kore da ruwan ƙasa.

Matata, Maman Fati, ta zagaya ni sau biyu tana kallo. Ita kaɗai ce da mai askina suka san sirrin, kuma shekara shida tana wanke tawul ɗin da na ɓata ba ta ce komai ba.

"Malam, wannan ya fi ƙarfin buroshin haƙori," ta ce. "Ka je wajen Madam Ladi."

"Salun ɗin mata?"

"Gashi ai gashi ne. Ko naka ya san shi namiji ne?"

Na yi kwana biyu ina gardama, ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na bi ta bayan kasuwa na shiga shagon kamar mai sayar da kayan sata. Madam Ladi 'yar ƙabilar Eggon ce, babbar mace mai ƙatuwar murya, ta shekara da shekaru tana gyaran gashi. Na yi sa'a babu kowa sai ita. Ta zaunar da ni, ta cire mini hula, ta ja ni bakin taga. Ta daɗe tana buɗa gashin da wutsiyar mataji, tana murza shi tsakanin yatsunta. 

"Malam, wannan kai ya sha dayi ya ƙoshi," ta ce daga ƙarshe, rini take nufi. "Kana sa sabo a kan tsoho, tsoho a kan na bara. Gashi ba bango ba ne. Ka gani, nan baya ya sha ya sha har ya toshe, ko ruwa ba ya shiga. Nan sama ya bushe, rana ya ci shi. Nan gaba sabon gashi ne, shi kaɗai ne mai lafiya, shi ne kuma kake fushi da shi. Wannan kore ɗin fa, mene ne?"

Na ce lalle ne.

"A kan dayi?" Ta girgiza kai. "Wa ya koya maka?"

Ban ce gwaggona ba, don kada in ja wa baiwar Allah zagi.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma maganar gaskiya babu abin da ya fi shi sauƙi. In daina rini gaba ɗaya tukuna. Sau biyu a mako za ta wanke kan da shamfu mai fitar da dauɗa da ruwan ɗumi, tsohon rinin ya riƙa saki a hankali. Bayan kowane wanki a shafa man kwakwa mai ɗumi ko man kaɗanya, a rufe da leda ya jiƙa, domin wankin yana busar da gashi. Bakin da ya mutu a riƙa datse shi kaɗan-kaɗan. In launin ya daidaita, gashin ya dawo hayyacinsa, in har lallai ina son rini, to sabon tsiro kawai za a taɓa, shi ma sai an gwada a bayan kunne an ga fata ta yarda.

Na ce duk na ji, kwana nawa zai ɗauka?

"Sati shida. In gashin yana da taurin kai kamar mai shi, takwas."

Na ce ina da biki ranar Asabar.

"To ka sa hula," in ji ta. "Abeg, Malam, kar ka sa masa komai. Ka bar shi ya huta. Abin da ka tara shekara shida ba zai fita kwana biyar ba."

Na yi godiya na fito, ina tafe ina cewa a raina, wannan matar ba ta san da wa take magana ba. Ni da nake koyar da yadda sinadari ke narkar da sinadari, za a ce in jira mako shida da man kwakwa? Ai ilmi ya wuce nan.

Ranar Laraba Maman Fati ta tafi kasuwa, yara suna Islamiyya. Na ɗauko roba na zuba garin sabulun wanki, a kan hujjar cewa abin da ke fitar da baƙin mai daga rigar bakanike ba zai gagara fitar da rini ba. Na daka kanwa na zuba. Na matse lemun tsami guda biyar a kai. Abin ya yi kumfa ya taso yana tsuwwa. (Na sani, na sani. Ɗan aji huɗu ma ya san kanwa da tsami kashe juna suke yi. Ni ma na tuna a lokacin, sai na gyara kuskuren ta hanyar ƙara kanwa.) Na lafta a kaina, na ɗaura leda, na zauna a kan bokiti ina duba agogo.

Minti goma na fara jin ɗumi, na ce aiki ya fara. Minti ashirin ɗumin ya zama raɗaɗi, na ce rinin ne ke fita. Ban kai minti arba'in ba na tsinci kaina a gindin famfo ina ta kwarara ruwa ina salati. Ruwan da ke zuba baƙi ne, na ji daɗin wannan, sai kuma na ga akwai gashi a cikinsa.

Maman Fati ta dawo ta same ni zaune a tsakar gida da jiƙaƙƙen tawul. Ta ɗaga tawul ɗin, ta duba, ta mayar a hankali. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda wannan. Sai da ta shiga ɗakin girki na ji tukwane suna karo da juna ba dalili.

Rinin ya fita, amma inda ya ga dama. Ƙeya tana nan baƙa ƙirin. Tsakiya ta koma ja sosai, jan manja. Koren bayan kunne ya ƙara haske. Gaba fari. Tsakanin waɗannan kuma akwai wurare biyu uku da gashin ya karye har ƙasa, fatar ta yi ja tana sheƙi. Kun san doyar da aka gasa aka fara kankarewa, sai aka kira mai kankarewar ya tashi ya bar ta? To ita ce.

Za ku ce me ya hana ni askewa. Na je. Mai askina ya duba ya ce, "Malam, fatar nan ta ƙone, in na ɗora kilifa jini za ta yi. Ka ba ta mako guda." Rini kuma ko sunansa na ji sai kan ya ɗau zafi. Saura hula. Na zaɓo zanna bukar mai zurfi, wadda take sauka har saman kunne, na gwada gaban madubi, na ga ba abin da ke fitowa sai ɗan siririn fari a gefe. Safiyar Asabar na ari jagirar Maman Fati na bi gefen hular na zane shi baƙi. Na kalli kaina na ce, wallahi ko ango albarka.

Muka kama hanyar Agyaragu. Na sauke Maman Fati a gidan biki, domin ta yi alkawarin taya matan girki, ni kuma na wuce cocin. Kuma kada ku ce ban yi shiri ba. A tunanina wurin ibada wurin ibada ne, akwai abin da ake cirewa a ƙofa, don haka na yanke farce, na sayi sabuwar safa, na sa takalmi mai sauƙin tuɓewa.

Cocin ya cika. Matan zumunta suna waƙa da tulunansu da caki, sauti har waje. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai tarbar baƙi, ya ganni ya washe baki, da alama an gaya masa zuwana.

"Malam ne abokin Ayuba? Sannu da zuwa. Kujeranka yana gaba can. Sai dai ka ɗan cire."

Na ce ai ba komai, na sunkuya na kama takalmi, ina ma jin daɗin za a ga safar.

"A'a, Malam, takalmi ka bar shi. Hula."

Na ɗago a hankali. Na leƙa ciki. Sai a lokacin na lura, duk mazan da ke cocin nan, tun daga yara har masu sanda, babu mai komai a kansa. Huluna suna kan gwiwoyi. Mata ne kawai da ɗaurinsu.

Na ce masa ina fama da mura. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ai cikin da ɗumi. Na ce likita ya hana iska ta taɓa mini kai. Ya dube ni da tausayi, irin na dattijon da ya san ƙarya amma ba ya son kunyata mai ita.

"Ba dole, Malam," ya ce. "Mu nan haka muke yi, namiji ba ya rufe kai a gaban Allah. Amma kai baƙo ne. Ga benci can a gindin mangwaro, akwai lasifika, za ka ji komai. Ba wanda zai ce ka yi laifi."

Na juya na kalli bencin. Inuwa mai sanyi, mutum uku zaune da hulunansu, hankali kwance. Wallahi na so bencin nan kamar yadda ban taɓa son wani wurin zama ba. Har na ɗaga ƙafa. Sai na sake leƙawa ciki, na hango farin kan Mista Ayuba can a layin gaba. Ya juyo yana duban ƙofa, hannunsa ɗaya a kan kujerar da ke gefensa, ya tare ta kada wani ya zauna. Ya juya gaba, bai jima ba ya sake juyowa.

Na cire hular.

Dattijon ya dubi kaina. Ya matsa gefe ya ce, "Allah Ya ba da lafiya, Malam."

Ban san coci yana da tsawo haka ba. Na kama tafiya ta tsakiya, hula a hannu, ina jin kallo yana bina layi bayan layi. Mai buga tulu ɗaya ta rasa kiɗanta, ta kusa da ita ta zungure ta. Wata uwa ta rufe bakin 'yarta da hannu. A layi na huɗu daga gaba ga malaman makarantarmu reras, mutum tara, waɗanda na shekara shida ina ba su tarihin kakana. Malamar Turanci ta sunkuyar da kai cikin littafin waƙa, kafaɗunta suna rawa. Ga zanen jagirar nan kuma, da babu hula, ya fito zobe guda baƙi ya kewaye kan, gumi ya fara jawo shi ƙasa zuwa wuyan farar shaddata.

Ina dab da isa na ji wata murya da na sani, cikin abin da mai ita take ganin raɗa ce.

"Malam. Na ce ka bar shi. Me ka sa masa?"

Madam Ladi ce, a layi na biyu. Ashe ita ta yi wa amarya gyaran kai. Raɗarta kuwa har mai ganga ya ji.

"Kanwa," na ce, don ban ga amfanin wata ƙaryar ba.

"Kanwa," ta maimaita wa matar da ke gefenta, ita kuma ta miƙa wa ta gaba.

Na isa kujerata. Mista Ayuba ya ɗago ya dubi kaina, ya bi shi da ido yanki-yanki kamar yana duba gonar gwaji. Leɓɓansa suna motsi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauke hannunsa daga kujerar ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Baba. Zauna."

Na zauna ina addu'ar a manta da ni. Ba a manta ba. Da aka zo wurin, fasto ya tambaya wa ya ba da wannan yarinya, muka miƙe mu biyu. Sai ya ce iyayen amarya su juyo jama'a su gan su. Muka juyo. Mai ɗaukar bidiyo ya matso, ya ɗaga na'urarsa sama don ya samu kan da kyau. Rahila ta dube ni ta cikin mayafinta, ta yi sauri ta mayar da ido ƙasa, tana danne dariya. Mista Ayuba ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce da ƙarfi, "Ni da ɗan'uwana." Muryarsa ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe. Abin mamaki, a nan cocin ya yi tsit, kuma a nan ne ni ma na ji ƙwalla, ga kunya ga wani abu daban, na rasa wanne zan share.

Kafin in isa wurin liyafa hotona ya riga ni. Na tarar da Maman Fati riƙe da ludayi, mata sun kewaye wata waya. Ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci tukuna." Na mayar da hulata, amma kowa ya riga ya san abin da ke ƙarƙashinta, har wani tsoho ya zo ya ba ni sunan wani mai maganin makero a Assakio.

Ranar Litinin na koma wajen Madam Ladi, wannan karon ta ƙofar gaba. Ba ta taɓa gashin ba sai da fatar ta warke, man kaɗanya kawai. Sannan aka fara wanki, Talata da Juma'a, kowane wanki da man kwakwa da leda. Sai in zauna awa guda a tsakiyar mata da leda a kai, ana kitso ana hira, har suka daina sassauta murya saboda ni. (Na san farashin doya a kowace kasuwa daga nan har Keana, na kuma san auren da ba zai kai baɗi ba.) Kowane mako ta datse bakin kaɗan. Jan ya dushe, koren ya tafi, baƙin ƙeya ya fi kowa taurin kai amma shi ma ya saki. Guraben da suka karye suka cike. A mako na bakwai ta juya ni gaban madubi, na ga kai mai launi ɗaya, toka-toka, mai laushi, mataji yana shiga ya fito ba guntu ko ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na tambaye ta ko yanzu za a iya ɗan taɓa gaban. Ta ce za a iya, sabon tsiro kawai. Na daɗe ina kallon madubin, na ce ta bari tukuna. Har yau muna kan tukunan.

A ofishin malamai na sha abin da na shuka, babu wanda ya rage mini. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar da muka yi da Mista Ayuba bayan kwana biyu, muna tafiya wajen ajiye babura. Na ce masa ya yi haƙuri, na ɓata masa hotunan biki.

"Wane ɓatawa? Na sa an wanke babba, yana falo."

Na ce don Allah ya sauke.

"Ba zan sauke ba. Dattijon ƙofa ya gaya mani ya nuna maka benci." Ya sa hannu aljihu yana neman makullinsa. "Da ka zauna can, ba zan ce maka komai ba, Malam. Amma da na tashi ni kaɗai."

Sai na ce ai dai yanzu ya san sirrina.

"Yanzu?" Ya hau babur ɗinsa. "Duk Litinin ta biyu kunnenka baƙi yake zuwa makaranta. Mun ɗauka ka san mun sani."

Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, amma na biya shi da fatar kaina. In mai sana'a ta ce ka jira mako shida, ka jira, ko da kai ne ka rubuta littafin Kemistiri. In kuma aboki ya ba ka kujerar gaba a wurin ibadarsu, ka je, kada ka ƙi, sai dai tun daga gida ka tambaya ta wane gefe suke tuɓewa, sama ko ƙasa. Ni ta ƙasa na shirya, kuma har aka tashi babu wanda ya ga safar.